Wai Maigida Bai San Kuɗin Daddawa Ba!

Matso, 'yar uwa. Ƙara matsowa mana. Rage muryar rediyon nan, ki tura yara tsakar gida, don maganar yau ba ta kunnen yara ba ce. Kuma in an tambaye ki, ba a bakina kika ji ba.

An yi abin kunya a wani gida. Ba zan faɗi garin ba, ƙarami ne, kowa surukin kowa ne. Iyaka dai tsakanin Bichi da Ɗambatta yake, kuma in kin je ba za ki rasa mai nuna miki ƙofar da leɓe ba.

Maigidan ne ya yi baƙi. Manyan baƙi, irin waɗanda ake fito wa da sabuwar darduma a zaure. Ya leƙo cikin gida, ya zaro Naira 500, ya miƙa wa uwargida. Wai a yi miya mai kyau. Har ya juya zai fita, sai ya waiwayo: “In da canji a ajiye mini.”

Canji! A ɗari biyar! A wannan marra!

Baiwar Allah ba ta ce uffan ba. Shekara da shekaru tana karɓar ɗari biyar ɗin nan, tana cikawa daga lalitarta, miya na fitowa da maiƙo, shi kuma yana shan yabo a zaure, ana cewa gidan Malam akwai girki. Ran nan dai ta ga tura ta kai bango. Ta cire kuɗin niƙa. Ta aiki yarinya ta sayo abin da ragowar za ta iya saye, ba ƙarin ko sisi. Kuka, gishiri, ƙullin barkono, 'yar daddawa. Ba mai, ba albasa, nama kuwa ko ƙamshinsa. Miya ta fito tsululu, ana hango gindin kwano. Aka kai zaure. A kan faifan da aka rufe tuwon, ga Naira 20 an ɗora. Canjin Malam ke nan.

Wadda ta ba ni labarin ta rantse loma bibbiyu baƙin suka yi, suka ce alhamdu lillahi, ai sai da suka ci abinci suka taso. Suna tafiya Malam ya faɗo cikin gida yana kumfar baki. Ta bar shi ya gama tsaf. Sannan ta ce, cikin ladabi, har da rusunawa: “Malam, yau girkinka ka ci. Na sauran ranakun nawa ne.”

To, nan fa mata suka rabu biyu a gidajen suna. Daga Makoɗa har Tsanyawa ana ta yi. Wasu na cewa a yi wa bawan Allah uzuri, maza ba su san yadda kayan miya suka koma ba. Ni kuwa na ce a'a. Wannan uzurin a kai shi birni, can inda Hajiya ke shiga mota ta je Kasuwar Rimi ko 'Yankaba da kanta, Alhaji na ofis. A ƙauyukanmu ba zai ci ba.

Ki tsaya ki yi tunani. A nan wa ke zuwa kasuwa? Mu dai muna kulle. Shi ne ke ɗaure buhu a bayan babur ranar Lahadi ya nufi kasuwar Ɗambatta. Shi ne tun rana ba ta yi zafi ba ya buga waya Dawanau ya ji yadda gero ya kwana, yadda wake da riɗi suka tashi. Tambaye shi buhun masara, zai ba ki farashin yau da na jiya da na kasuwar da ta wuce. Tambaye shi taki, zai rarrabe miki yuriya da kamfa, har da kuɗin dako. Mutumin da zai tsaya cikin rana yana jayayya da mai awo a kan Naira 100 a kwanon gyaɗa, wai shi ne bai san kwalbar mai ta tashi ba? Haba, Hajiya!

Kuɗin abin da yake sayarwa, ya haddace. Na abin da ake zubawa a tukunya ne ya ga dama ya manta.

Bari in warware miki inda gizo ke saƙar. Ƙasarmu cike take maƙil. Daga Minjibir zuwa Dawakin Tofa, gona na jingine da gona, gida na kallon gida, babu saurar da za a bari ta huta ko shekara guda. Gonar kaka an raba wa 'ya'ya, ta 'ya'ya an raba wa jikoki, har ta koma 'yar falle, sai an lallaɓa ta da takin gida take ba da abin kirki. Gidaje nawa ne rumbunsu ke kai su daga kaka zuwa kaka? Kaɗan ne. Da damina ta yi tsakiya, wajen Yuli zuwa Agusta, shuka na kore shar a gona, rumbu kuwa sai ɓeraye. Daga nan sai awo a kasuwa.

Awon nan shi ne alfaharin namiji. Kin sha gani. Da hantsi ya buɗe ɗakin hatsi da makullin da ke rataye a ƙugunsa, ya cika kwano, ya shafe bakinsa da tafin hannu don kada ya yi tozo, ya juye a ƙwaryar mai girki. Ya karkaɗe hannu. A ransa ya gama ciyar da gida. Amma gero shi kaɗai ba ya zama tuwo. Akwai niƙa. Akwai itace, in karan gona ya ƙare. Akwai kanwa, gishiri, daddawa, kuɓewa, attaruhu, albasa, ɗan dunƙule, manja ko man gyaɗa, ashana, sabulun wanke kwanuka. Duk ba a buhu ake sayen su ba. Ƙulli-ƙulli ne, cokali-cokali, hamsin nan, ɗari can. Kuma ba ta hannunsa suke bi ba. 'Yar yarinya ake aika gidan maƙwabta ta sayo, ta dawo da leda a ƙuƙume.

Sannan kin san yadda muke. A gidaje da yawa tuwon dare ne kaɗai ke wuyan maigida. Da safe ɗumame ko koko. Da rana kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Yaro ya dawo daga makarantar allo yana kuka, wurin wa zai je? Wurin uwarsa. Ita za ta kwance bakin zani ta ba shi na ɗanwake ko na awara. Uban yana can gona ko majalisa, bai ji ba, bai gani ba.

To kuɗin bakin zanin nan daga ina suke? Yauwa! Yanzu kika zo wurin.

Kowane gida da kike gani shiru daga waje, kasuwa ce a ciki. Wannan na matsar man gyaɗa tana soya ƙuli. Waccan na dafa kalwa kwana da kwanaki don daddawa, gida duk ya ɗauki wari. Ga mai taliyar murji, ga mai fura, ga mai saƙar hula, ga mai awakin da ake kiwata a bayan ɗaki. Yara ke yawo da farantai a ka, su kai kaya su dawo da kuɗi, har da labarai a matsayin gyara. Wannan sirrin har wata Baturiya ta gano shi tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu. Polly Hill sunanta, 'yar Ingila. Ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, daga baya ta zo Ɗorayi lokacin tana ƙauye a bayan ganuwar Kano. A 1969 ta yi rubutu a kan cinikin ɓoye na matan Hausawa, ta kwatanta shi da saƙar zuma: ɗaki-ɗaki, kowanne a rufe, amma duk a haɗe suke ana hada-hada. Ki ji fa! Baƙuwa daga Ingila ta gani, amma wai mutumin da ke kwana a gidan bai gani ba.

Ya gani. Har saye yake yi. Ba ki taɓa ganin maigida ya aiko daga zaure a sayo masa ƙosai a wurin matarsa ba? Ya ci, ya ce a rubuta. Rubutun da ba a gogewa sai ranar da aka yi faɗa.

Ga wani kuma da ya fi wannan daɗi. Rufa mini asiri.

Wani manomi a yankin Kunchi, da kaka ta yi sai ya ɗebi gero ya kai kasuwa, lokacin da hatsi ke araha, kowa na zubarwa don biyan bashin taki da hidimar aurar da 'ya'ya. Wani saurayi ya saye buhu biyu, ya biya lakadan. Shi ke nan. Da Agusta ta zo, gida ba ko tsaba, sai matarsa ta ce ta ji wata tsohuwa a bayan layi tana da gero, za ta bayar bashi zuwa kaka, amma da tsada. Malam ya ce a karɓo, Allah ya saka wa tsohuwa da alheri. Har addu'a yake yi mata bayan ya ci tuwo.

Kin gane ko? Saurayin nan ƙanin matar ne, daga wani gari. Kuɗin nata ne, na adashe. Tsohuwa kuwa dillaliya ce, ajiya kawai aka ba ta. Geronsa ya ci, daga gonarsa, a hannun matarsa, da riba a kai! Ni dai da aka faɗa mini sai da na riƙe ciki. Amma bayan na gama dariya na tambayi kaina: in da ba ta yi haka ba fa? Da me yaran za su kwana a watan Agusta?

Akwai lokacin da asirin lalitar mata ya tonu gaba ɗaya, kuma ba mu muka tona ba, Babban Bankin Najeriya ne. Kin tuna canjin kuɗi? A Oktoban 2022 gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Wayyo Allah! Ranar nan aka ga abin mamaki. Kuɗi suka riƙa fitowa daga cikin matashin kai, daga ƙasan samira ta bakwai a jeren kwanuka, daga gwangwanin madara da aka binne a bayan randa. Mace na kulle, ba ta da asusun banki, wa za ta ba ya kai mata? Dole maigida ko ɗa ko ƙani. Maza suka riƙa ƙirgawa hannu na rawa. Wani ya dubi matarsa ya ce, “Ashe ke Hajiya ce ban sani ba?” Wasu sun mayar da amana cif. Wasu kuwa har yau ana ta “gobe”. Da Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi a watan Maris, mata da yawa sun yi da-na-sanin fito da nasu.

Tun daga ranar wasu mazan suka ƙara ƙanƙame hannu. Ai tana da shi, ta cika. Ki ce mini wannan rashin sani ne?

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga ranar 29 ga Mayun 2023. Shugaba Tinubu ya hau mulki, ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Mai injin niƙa ya ƙara kuɗi. Mai babur ya ƙara. Mai kawo manja daga Kudu ya ƙara. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari, wato abin da kika saya Naira 100 shekara guda kafin nan, a lokacin sai kin ba da 140 da ɗoriya. Mu da ke riƙe da ludayi mun san wasu kayan ninkawa suka yi.

Watan Fabrairun 2024 kuwa ba za a manta da shi ba a Kano. Mata masu gurasa suka fito titi, buhun fulawa ya haura Naira 40,000, sana'a na neman mutuwa a hannunsu. Lura da kyau: mata ne suka fara fitowa. Afafata, shinkafar da a da ake zuba wa kifi, ta zama abin nema a kasuwa. Hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha, ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimingado, ta je Dawanau ta garƙame manyan sito guda 10 bisa zargin ɓoye abinci. A cikin watan ne kuma uwargidan shugaban ƙasa, Remi Tinubu, ta zo Kano, Sarki Aminu Ado Bayero ya ba ta saƙo ta kai wa maigidanta cewa talakawa na cikin yunwa. Kin ji hikimar manya? Ko a fada an san in ana so magana ta shiga kunnen maigida, ta hannun uwargida ake bi.

Duk wannan mazanmu sun tattauna shi a majalisa dalla-dalla. Su faɗi farashin dala. Su faɗi abin da aka yi a Dawanau kamar da su aka sa kwaɗon. Su tsine wa tsadar rayuwa har muryarsu ta dushe. Amma da sun taka dokin ƙofar gida, sai lissafi ya koma na zamanin da. Hannu ya shiga aljihu, ya fito da abin da ya saba fitowa da shi tun kafin a cire tallafi.

Wani malamin makaranta ma ya so ya yi wayo. Da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanar da mafi ƙarancin albashi na Naira 71,000 a ƙarshen Oktoban 2024, bawan Allah ya yi gum, ko tari bai yi ba a gida. Ya manta rediyo na rataye a ƙusa kusa da murhu tun asuba. Matar ta ji a Freedom, ta ji a Rediyon Kano, ta kuma ji a bakin matar abokin aikinsa. Ta jira wata ya ƙare. Ta kai masa ruwan alwala, ta ce, “Malam, barka da arziki. Mu ma a tukunya za mu ji ƙarin, ko a rediyo kaɗai?”

In kina son sanin wanda ya fi kowa sanin cikin mazan garinku, ba liman ba ne, ba mai unguwa ba ne. Mai shayi ne. Shi da mai tsire.

Je ki tambayi yaron da ke wanke masa kofuna. Bayan isha'i, mutumin da ya ce wa iyalinsa a yi haƙuri da gayan tuwo, ga shi a kan benci. A soya indomi biyu, a fasa ƙwai biyu, shayi da madara mai kauri, burodi a shafa bota. Ya san kuɗin kowanne. In mai shayi ya ƙara Naira 50 a ƙwai, sai an yi ƙaramin yaƙi. Abin da ya kashe a zama ɗaya ya fi abin da ya bar wa mutum tara tun safe. Ya gama, ya goge baki da kyau, ya sa asuwaki don kada a ji ƙamshin albasa, ya shigo gida yana nishi: “Kai, gari ya yi zafi.” Kifi na ganinka, mai jar koma! Rigarka ta riga ka ba da labari, wadda ke wanke ta ta ga ɗigon mai da yaji.

Ba duka ba, kada maza su cinye ni. Akwai wanda ko goro ya samu sai ya kawo gida an fasa. Allah ya ƙara musu buɗi. Amma benci ba ya zama wayam, kin sani, na sani.

Yanzu kuma mu dawo kanmu, don idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya koya wa maigida cewa ɗari biyar na isa? Mu ne. Musamman a gidan da ake da kishiya.

Ga yadda ake yi. Kuɗin cefane ɗaya ake ba kowa, don adalci. Ranar girkin amarya sai ta saki hannu. Iyayenta na aiko mata, kuɗin gararta bai ƙare ba, ba ta da 'ya'ya shida masu jiran na awara. Ta sayo kifi busasshe, ta ƙara mai, ta jefa dunƙule huɗu, ƙamshi ya tsallaka katanga. Malam ya ci har yana lumshe ido. Washegari girki ya dawo kan uwargida, wadda jarinta ya daɗe da narkewa a cikin yara da kuɗin magani. Ta yi iya abin da kuɗin suka saya. Malam ya ɗanɗana, ya ture kwano: “Ita wance ba haka nake ba ta ba? Ke dai ba ki da tattali.” Maganar nan ta fi mari ciwo. Sai uwargida ta shiga ɗaki, ta ciro langa ɗaya daga jere ta ba dillaliya. Wata mai zuwa kuma tunkiya. Gasa ta kankama. Kowacce na ƙona jarinta don a ce ita ce gwana, shi kuma gogan yana tsakiya yana cin daɗi kwana biyu nan, kwana biyu can, a farashin gwamnati.

Kina tsammani bai san abin da ke faruwa ba? Shi da ya ga jeren kwanuka na raguwa, ya ga turken tumaki ya koma igiya kawai? Ya sani sarai. Shiru ya fi masa riba.

Na ji labarin wasu kishiyoyi biyu a wajen Bagwai da suka farga. Shekara biyar ba sa ga-maciji. Rashin lafiyar yaro ce ta haɗa su a ɗaki ɗaya, hira ta kai ga lissafi, kowacce ta faɗi abin da take cikawa a mako. Suka dubi juna, suka yi salati. Daga ranar suka ƙulla: ba mai ƙara ko ƙwandala. Mako bai zagayo ba Malam ya tara su, murya ƙasa-ƙasa, yana tambaya ko an yi musu wani laifi ne. An ce yanzu kuɗin cefane ya ninka, kuma shi ke sayo mai da galan. Matan unguwa na ta zuwa ɗaukar darasi, mazan unguwa kuwa sun ce a raba matan nan, haɗin kansu fitina ne.

Sai kuma masu tsakura. Kada mu yi wa juna ƙarya, 'yar uwa. Akwai wadda in an cika mata kwano, sai ta ɗebi gwangwani ɗaya ta zuba a tukunyar bayan gado. Kullum ɗaya. Kafin wata ya ƙare an tara na zubin adashe, ko na ankon bikin 'yar ƙawa. Akwai wadda in mai ya sauko ba za ta faɗa ba, in ya tashi kuwa tun a zaure za a ji. Irin wannan ba ta son maigida ya san farashi ko kaɗan, don ranar da ya sani, ranar kasuwarta ta watse. Ita ma yarinyar da ake aika tana cire na alewa. Matan 'yan cirani kuma nasu daban ne. Miji na Legas ko Fatakwal yana acaɓa ko faskare, ya turo kuɗi ta wurin mai POS, ƙaninsa ya karɓo ya cire na mai, uwar miji ta cire na goro, abin da ya iso hannun mai girki sai a hankali. Shi yana can yana bugun ƙirji ya aika da kaza, ita tana nan tana dafa tafasa.

Ban ce maza ba su da nasu kukan ba. A 2024 gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da wasu kayan abinci ba haraji, a 2025 hatsi ya faɗi a kasuwa, taki kuwa ya ƙi saukowa. Manomi ya sayar da buhun masara, kuɗin bai sayi buhun taki ba. Wannan gaskiya ce, kuma mai ciwo. Ni a ganina ma nan ne asalin abin yake. Namiji na tsoron tambaya. In ya ce “nawa ake kashewa?” aka faɗa masa, to ya zama dole ya biya, ko ya furta da bakinsa cewa ba shi da shi. Wannan kalmar kuwa ta fi dutse nauyi a bakin Bahaushe a gaban matarsa. Gara ya yi kamar bai sani ba. Ita ma ta yi kamar ba ta san ya sani ba. A rufa wa juna asiri, a bar kaza cikin gashinta.

Rufin asiri abu ne mai kyau. Amma wa ke biyan kuɗinsa? Yarinyar da aka hana zuwa makaranta don ta ɗauki farantin talla. Tsohuwar akuyar da aka sayar ana kuka. Matar da ke cewa ta ƙoshi don tuwo ya ishi yara.

Kuma malamai ba su bar mu a duhu ba. Ci da sha da sutura da wurin kwana, a wuyan miji suke ko da matar ta fi shi dukiya. Abin da ta samu a sana'arta nata ne, in ta zuba a tukunya kyauta ta yi, a gode mata. Labarin Hindu matar Abu Sufyan yana nan a Bukhari da Muslim: ta kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW) cewa mijinta mai maƙo ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, aka yi mata izini ta ɗauki gwargwadon buƙatarsu bisa abin da aka saba. Gwargwadon buƙata fa aka ce, masu gwangwanin bayan gado, ba kuɗin anko ba. Kin kuma tuna 2017, da Sarki Muhammadu Sanusi II ya kawo maganar dokar da za ta hana wanda ba zai iya riƙe iyali ba ƙara aure? Majalisun maza suka ɗauki zafi kamar an taɓa musu gado. Matan cikin gida kuwa ba wanda ya zo ya tambaye su, amma na san gidajen da aka yi guɗa a ƙasan murya.

Na san akwai mazan da ke leƙen shafin nan ta kafaɗar matansu, suna yi kamar neman labarin ƙwallo suke. Sannunku, Malam. Tunda kun ji, ku ji da kyau. Ba a ce ku yi abin da ba ku da iko ba. Ku zauna da iyali bayan isha'i, kafin a tafi wurin mai shayi, ku ce a lissafo muku tun daga niƙa har ashana. In akwai, ku cika. In babu, ku faɗa da bakinku, ku kuma ce an gode, don wallahi mata da yawa wannan kaɗai suke jira. Amma a daina tambayar canji. Kuɗin cefanen 2022 kuke bayarwa har yau, kuma kun sani.